Abubakar Imam: editan da ake gwada 'yan jaridar Hausa da shi

A kowace shekara, wasu manyan jami'o'i a ƙasar Amurka kan tantance ayyukan 'yan jarida, su fitar da waɗanda suka yi fice, su ba su lambar yabo. Jami'ar Columbia da ke birnin New York ce ke kula da lambar Pulitzer, wadda aka fara bayarwa a shekarar 1917. Ita kuwa jami'ar Georgia, ita ke bayar da lambar Peabody, wadda aka soma da shirye-shiryen rediyo a 1941, kafin daga bisani a shigar da na talabijin. A shekarar 2005 wani ɗan Najeriya, Dele Olojede, ya samu lambar Pulitzer saboda rahotannin da ya rubuta wa jaridar Newsday a kan ƙasar Ruwanda, shekara 10 bayan kisan ƙare-dangin da aka yi a can.

Kafin alƙalan irin waɗannan lambobi su yanke hukunci, sai sun fara amincewa a kan abin da za su auna ɗan jarida da shi. A ƙasar Hausa dai, mutumin da aka daɗe ana gwada 'yan jarida da shi, shi ne marigayi Alhaji Abubakar Imam, editan Hausa na farko na jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo. Shi ma an karrama shi da digirin girmamawa na jami'a, abin da ya sa har yau ake kiransa Dakta Abubakar Imam.

Yawancin mutane sun fi saninsa da littafin Magana Jari Ce. To amma shekaru fiye da 10 da ya yi a kujerar edita su ne suka nuna yadda za a rubuta labarin duniya da Hausar da manomi zai gane, da kuma yadda ɗan jarida zai isar da kukan talaka ga masu mulki, alhali masu mulkin ne ke biyansa albashi.

Daga Kagara zuwa Katsina

An haifi Abubakar Imam a shekarar 1911 a garin Kagara, wanda a yanzu yake cikin jihar Neja. Mahaifinsa, Malam Shehu Usman, malamin addini ne, saboda haka da karatun allo da na littattafan Larabci ya buɗe ido kafin ya shiga makarantar boko. Yayansa, Malam Bello Kagara, ya riga shi zuwa Katsina, inda ya koyar a kwalejin horar da malamai, daga baya kuma ya zama Walin Katsina.

A shekarar 1927 ne Abubakar Imam ya shiga wannan kwaleji, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922. A lokacin ita ce makarantar boko mafi girma a duk faɗin Arewa, kuma ɗaliban da take ɗauka a shekara ba su taka kara sun karya ba. A can ya yi zamani da Ahmadu Bello, wanda ya zama Sardaunan Sakkwato kuma Firimiyan Arewa, da Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya zama Firayim Ministan Najeriya.

Da ya kammala a 1932, sai aka ba shi aikin koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina, a zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. Makarantar tana karɓar yara daga gundumomin ƙasar Katsina, na kusa da na nesa. Wannan zama da ya yi a aji ya koya masa abin da ya amfane shi daga baya, wato yadda ake sauƙaƙa magana mai wuya ba tare da an rage mata ma'ana ba.

Gasar da ta fito da shi

A shekarar 1933, Dakta Rupert East, Baturen da ke shugabantar Hukumar Talifi a Zariya, ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Dalili kuwa shi ne, yaran da suka koyi karatu ba su da abin karantawa in ban da littattafan makaranta da aka fassaro daga Turanci. Samun marubuta bai zo da sauƙi ba, domin malamai da yawa na ganin alƙalami na sha'anin addini ne da tarihi, tatsuniya kuwa abin hira ce ta dare.

Littattafai biyar aka buga daga wannan yunƙuri. Akwai Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da shi East ɗin. Abubakar Imam yana da shekara 22 a duniya lokacin da ya shiga gasar.

East ya ga baiwar da ke tattare da wannan matashin malami, don haka a 1936 ya nemi a ba shi aronsa zuwa Zariya. A cikin 'yan watanni ya rubuta Magana Jari Ce, littafi na ɗaya zuwa na uku, wanda aka fara bugawa a 1937. Ya ɗebo labaran ne daga littattafan Larabawa da na Indiya da na Turai, ya haɗa da na gida, ya sa su a bakin wani aku, ya kuma yi musu sutura irin ta Hausawa, har mai karatu ya ɗauka a fadar wani sarkin Hausa abin ya faru. Da ya gama, sai ya koma bakin aikinsa na koyarwa a Katsina.

Jarida a kan kwabo ɗaya

Aikin jarida ya daɗe da kafuwa a kudancin Najeriya. Tun a 1859 aka fara buga Iwe Irohin da Yarabanci a Abekuta, a 1937 kuma Nnamdi Azikiwe ya kafa West African Pilot a Legas, wadda ke caccakar mulkin mallaka ba tare da sassauci ba. A Arewa kuwa, abin da ake da shi bai wuce takardun sanarwar gwamnati ba.

Yayin da yaƙi ke ƙaratowa a Turai, sai raɗe-raɗi ya bazu cewa Ingila na shirin miƙa Najeriya ga Jamus don ta lallashi Hitler. Turawan mulki suka ga cewa ba su da wata hanya ta yin magana da jama'a kai-tsaye. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a watan Janairun 1939. Sau ɗaya a wata take fitowa da farko, ana sayar da ita kwabo ɗaya, kuma daga nan sunanta ya samo asali. Aka sake ɗauko Abubakar Imam daga Katsina, aka ba shi aikin edita, East kuma yana sa ido daga sama.

Watanni kaɗan bayan haka yaƙin duniya na biyu ya ɓarke. Dubban 'yan Arewa suka shiga soja, aka kai wasu gabashin Afirka, wasu kuma har ƙasar Bama, inda suka gwabza da sojojin Japan. Ta hanyar wannan jarida ce iyalai da yawa suka riƙa jin inda aka kwana a fagen daga, su ma sojojin suka riƙa jin labarin gida.

Waɗanda suka iya karatun boko a wancan zamani 'yan ƙalilan ne. Abin da aka saba shi ne, malamin makaranta ko malamin hakimi ya karanta da ƙarfi, jama'a na zaune suna saurare. Abubakar Imam ya san da haka, shi ya sa ya riƙa rubutu irin wanda kunne zai ɗauka: jimla mai sauƙi, misali daga gona ko kasuwa, karin magana a inda ya dace. Idan sabon abu ya zo daga Turai wanda Hausa ba ta da sunansa, sai ya bayyana shi da kalmomin da aka sani, ko ya lanƙwasa kalmar aro ta zauna a bakin Bahaushe. A wannan zamani ne kuma ƙa'idojin rubutun Hausa suka fara zama da gindinsu, ciki har da haruffan nan masu lanƙwasa da ke bambanta ƙasa da kasa, ko ɓata da bata.

Abu na biyu da ya ɗaukaka jaridar shi ne wasiƙun masu karatu. A ƙasar da talaka ba ya iya ɗaga kai a gaban hakimi, ballantana a gaban Razdan, sai ga fili inda malamin makaranta ko ɗan kasuwa zai rubuta abin da ke damunsa, a buga, a karanta a Kano da Sakkwato da Bauchi. Matasan da suka yi boko suka mayar da shafukan jaridar dandalin muhawara a kan ilimi da cin hanci da makomar Arewa.

To sai dai jaridar ta gwamnati ce. Turawa ne suka kafa ta, kuɗin hukuma ke ɗauke da ita, kuma a lokacin yaƙi aikinta na farko shi ne ta ƙarfafa wa jama'a gwiwa su mara wa Ingila baya. Editan yana tsakanin Turawan mulki da sarakuna da kuma masu karatu, kowane da abin da yake so ya gani da wanda ba ya so. Idan ya buga duk abin da aka aiko, zai rasa kujerarsa. Idan ya danne komai, zai rasa amincewar jama'a, jaridar ta koma takardar ƙunsa ƙosai. Hanyar da ya bi ita ce ta nasiha da lallashi, yana faɗin abu mai ɗaci da lafazi mai laushi.

Tafiyar Ingila

A shekarar 1943, ana tsakiyar yaƙi, aka gayyaci editoci takwas daga ƙasashen Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashin Ingila su ziyarci ƙasar. Abubakar Imam ne kaɗai daga Arewacin Najeriya, Azikiwe kuma na cikin tawagar. Azikiwe ya shirya wata takarda da aka miƙa wa ma'aikatar da ke kula da ƙasashen mallaka, wadda ke neman a ba waɗannan ƙasashe mulkin kai mataki-mataki cikin kimanin shekara 15.

Abubakar Imam ya ƙi sa hannu. A ganinsa, Arewa tana baya ƙwarai a ilimin boko, kuma idan Turawa suka tafi cikin gaggawa, ofisoshin gwamnati za su faɗa hannun 'yan Kudu, waɗanda suka riga su shiga makaranta da shekaru masu yawa. Wannan mataki ya jawo masa suka daga masu fafutikar neman 'yanci, kuma har yanzu ana ambatonsa idan ana maganar asalin rashin jituwar siyasa tsakanin ɓangarorin biyu.

Amma ƙin sa hannun ba ya nufin ya gamsu da yadda ake mulkin Arewa. A wannan tafiya ya gana da Lord Lugard, mutumin da dakarunsa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, wanda kuma ya kafa tsarin mulkar jama'a ta hannun sarakunansu. Abubakar Imam ya bayyana masa, da baki da kuma a rubuce, cewa tsarin nasa ya samu tangarɗa. Turawan mulki daga bakin sarakuna kawai suke jin labari, matasan da suka yi ilimi ba a neman shawararsu, talaka kuwa ba shi da ƙofar da zai kai ƙara idan wanda ya zalunce shi shi ne wanda zai kai wa ƙarar. Ba ƙaramin abu ba ne a wancan zamani ma'aikacin hukuma ɗan shekara 32 ya faɗa wa wanda ya gina tsari cewa gininsa ya tsage.

Da ya dawo gida ya rubuta labarin tafiyar a littafin Tafiya Mabuɗin Ilmi, wanda aka buga a 1944. A shekarar 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya, da maɗaba'arsa, har unguwar da yake ta ɗauki sunan. A 1948 kamfanin ya ƙara da jaridar Turanci mai suna Nigerian Citizen.

Siyasa da masu suka

Abubakar Imam na cikin waɗanda suka assasa Jam'iyyar Mutanen Arewa a ƙarshen shekarun 1940, tare da irin su Dakta R.A.B. Dikko. Da farko ƙungiyar al'adu ce da tattaunawa, kafin ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa ta NPC a 1951. A wannan shekara aka zaɓe shi ɗan majalisa.

A nan hanya ta rabu tsakaninsa da wasu daga cikin matasan da aka faro tafiyar tare da su. Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano na ganin tsarin En'e ba ya gyaruwa da nasiha, sai an sauya shi daga tushe. Jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano a watan Agustan 1950, ta tafi a kan wannan ra'ayi, kuma magoya bayanta da dama sun ɗauki Gaskiya Ta Fi Kwabo a matsayin kakakin hukuma. Shi kuwa Abubakar Imam ya tsaya a kan cewa a gyara sarauta daga ciki, kada a rushe ta.

Siyasar jam'iyya ba ta riƙe shi da daɗewa ba. A tsakiyar shekarun 1950 ya koma Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa, a daidai lokacin da gwamnatin Sardauna ke ƙoƙarin cike guraben aiki da 'yan Arewa. Ma'ana dai, abin da ya sa shi ƙin sa hannu a Landan, shi ne ya dawo kan teburinsa don ya nemo masa magani.

A waɗannan shekaru ne aka ƙaddamar da shirin Yaƙi da Jahilci, aka kuma kafa hukumar NORLA a 1954, wadda ta riƙa buga ƙananan jaridu na larduna a kan salon da Gaskiya ta shimfiɗa. Lardin Katsina ya samu Himma, Kano ta samu Sodangi, Zariya ta samu Bazazzaga, Sakkwato kuma Zaruma.

Abubakar Imam bai ajiye alƙalami ba. Ya rubuta littattafai a kan tarihin Musulunci da aikin Hajji. A shekarun 1970 kuma aka ɗora masa nauyin sauraren koke-koken jama'a a jihar Arewa ta Tsakiya, wadda ta haɗa lardunan Zariya da Katsina, kafin a sauya mata suna zuwa jihar Kaduna, a kuma fitar da jihar Katsina daga cikinta a 1987. Aikin da ya faro da buɗe wasiƙun masu karatu, shi ne ya ƙare da shi a hukumance.

Allah ya yi masa rasuwa a Zariya a watan Yunin 1981, yana da kimanin shekara 70. Bayan digirin girmamawar, ya samu lambar OBE daga Ingila da ta CON daga gwamnatin Najeriya. A 1989 aka buga tarihin rayuwarsa da Turanci, wanda Abdurrahman Mora ya tace.

Abin da ya bari

Salon da ya kafa na rubutu don kunne, rediyo ce ta gaje shi. A watan Maris na 1957 aka buɗe sashen Hausa na BBC, kuma muryar da aka fara ji ta Aminu Abdullahi Malumfashi ce, ɗan kudancin ƙasar Katsina. Gidan rediyon Kaduna ya biyo baya a 1962, sashen Hausa na Muryar Jamus a 1963, na Muryar Amurka a 1979, na rediyon Faransa kuma a 2007. Ita Gaskiya Ta Fi Kwabo ta koma ƙarƙashin kamfanin New Nigerian, ta yi shekaru masu yawa tana fitowa, kafin matsalar kuɗi ta durƙusar da kamfanin. A yau jami'ar Bayero ta Kano da jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya na yaye ɗaliban aikin jarida, sana'ar da shi Abubakar Imam a bakin aiki ya koye ta.

Matsalar da ya yi fama da ita, ta faɗin gaskiya a inda hukuma ba ta son ji, har yanzu tana nan, kuma yankin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, a kudu maso yammacin jihar Katsina, ya ga hakan da idonsa. A daren 11 ga Disamban 2020 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Kwanakin farko sun wuce ana ta saɓani a kan adadin yaran, iyaye na tsaye a ƙofar makaranta, kafin a sako 344 a ranar 17 ga watan.

A watan Satumban 2021 aka katse layukan wayar salula a ƙananan hukumomi 13 na jihar, ciki har da waɗannan ukun, da nufin toshe wa 'yan bindiga hanyar sadarwa, ba a kuma mayar ba sai a ƙarshen shekarar. A tsawon wannan lokaci, rediyo na cikin 'yan hanyoyin da suka rage wa mazauna ƙauyuka na jin labari, su kuwa 'yan jarida sai da ƙyar suke samun abin da ke faruwa a can. A watan Agustan 2022 kuma hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta ƙasa ta ci tashar Trust TV tarar naira miliyan 5 saboda wani shiri da ta yi a kan 'yan bindiga, kodayake a 2023 wata kotun tarayya a Abuja ta yanke hukuncin cewa hukumar ba ta da hurumin cin tara.

Wakilin da ke ɗauko rahoto daga irin waɗannan wurare yana tsakanin hukuma da 'yan bindiga da mutanen gari, kamar yadda Abubakar Imam ya kasance tsakanin Turawa da sarakuna da masu karatu, sai dai shi na yau ransa ma yana cikin hatsari. Duk jami'ar da ta tashi karrama ɗan jaridar Hausa, tana da abin aunawa a rayuwar wannan bawan Allah: ko mutumin ƙauye ya fahimci abin da aka faɗa, ko kukansa ya isa kunnen masu iko, ko kuma ɗan jaridar ya ci gaba da riƙe amanar masu sauraro bayan ya karɓi albashi daga wanda yake ba da labarinsa.